Yadda ake kai ƙananan yara otal mai wasan ruwa na cikin gini: jagora ga iyalan Katsina da Daura

Yanzu da wuya ka zagaya unguwa a Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, ba ka samu gidan da ke da ɗa ko ƙanwa a Ingila, Jamus, Kanada ko Amurka ba. Wannan likita, waccan nas, wancan ya tafi ƙaro karatu. In Allah ya sa aka kai masu ziyara da yara, musamman a hutun Disamba da sanyin can ke kulle kowa a ɗaki, shawarar da mai masauki kan kawo ita ce a je a kwana a irin otal ɗin nan da aka gina filin wasan ruwa a cikinsa. An rufe shi ruf, an ɗumama iskar da ruwan, waje ƙanƙara na zuba, ciki yara na tsalle da gajeren wando.

Ƙasashen sanyi ne suka ƙirƙiro abin don kada kasuwar wanka ta mutu da hunturu. A Kanada akwai World Waterpark a cikin katafaren kantin West Edmonton Mall tun 1986. A Amurka sunan da aka fi ji shi ne Great Wolf Lodge, wanda ya faro a garin Wisconsin Dells a 1997, yanzu rassansa sun haura 20. A Ingila Center Parcs ne, na farkonsu a dajin Sherwood a 1987. A Jamus kuwa, kimanin kilomita 60 kudu da Balin, akwai Tropical Islands da aka buɗe a Disambar 2004 cikin wata rumfa da asali aka gina don ƙera jiragen balan-balan. Tsayinta sama mita 107 ne, kamar a ɗora hasumiyar Gobarau bakwai kan juna. Duk tsarinsu kusan ɗaya ne: ɗakin kwana, kwamin wanka mara zurfi na jarirai, kwami mai igiyar ruwa, ƙorama mai zagaye da ake hawa tayar roba, da dogayen bututan zamiya.

Wanda bai da tafiya waje ma ya karanta. A Abuja da Legas akwai wuraren wasan ruwa, galibi a fili, kuma rabin abin da ke ƙasa ya shafi duk wani kwamin wanka na otal, ko a Kano ne ko nan cikin gari.

Kafin a biya ko sisi

A fara da fasfo da biza. Kowane yaro, ko na goye ne, da nashi fasfo, kuma sai da lambar NIN. Kada a biya kuɗin otal irin wanda ba a maidowa sai biza ta fito ta shiga hannu. Mai zuwa Jamus ko wata ƙasar Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, dole ya nuna inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000. Mai zuwa Amurka ko da ba a tambaye shi ba ya yanka, don kwana ɗaya a asibitin can na iya cinye kuɗin tafiyar duka.

Sai ranaku. Tsakiyar mako ta fi araha, ta kuma fi sauƙin cunkoso, ƙarshen mako da ranakun hutun makarantunsu kuwa farashi kan yi tashin gwauron zabi. Center Parcs na Ingila a dunƙule suke sayarwa, Litinin zuwa Juma'a ko Juma'a zuwa Litinin. A inda ake da zaɓi, ni dai kwana biyu nake ba mai ƙananan yara shawara. Kwana ɗaya gajiya ce zalla, a na uku kuma yaro ya ƙoshi da ruwan, ya koma kukan a saya mashi kayan kanti. Kuma kada a sa wannan a farkon tafiya. Yaron da ya taso daga Daura da asuba, ya sha hanyar Kano, ya kwana a jirgi, ya sauka inda agogo ya ja baya da awa 6, ba ruwa yake buƙata ba, barci yake buƙata. A bar shi ya warware a gidan dangi tukuna.

Akwai tambayoyin da ya kamata a tura wa otal ɗin a rubuce, ko a sa ɗan'uwan da ke can ya buga masu waya. Kuɗin shiga ruwa na cikin kuɗin ɗaki? Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki ɗaya, har da jariri? Wannan ta biyun ba wasa ba ce. Mu mun saba a shimfiɗa katifa a ƙasa kowa ya samu wuri, su kuwa dokar kashe gobara ta ƙayyade adadi, kuma a kan wannan adadin suke ba da abin hannun da ake shiga ruwa da shi. Iyali mai mutum bakwai da ya kama ɗakin mutum biyar zai tsaya a ƙofa yana roƙo, ba kuma za a ji ba. A tambayi ko akwai firji da na'urar ɗumama abinci a ɗaki, ko suna ba da tawul da rigar hana nutsewa kyauta, ko an yarda a shiga da abinci. A Amurka a tambayi jimillar ƙarshe, don haraji da wasu ƙananan caji ba su cika fitowa a farashin da ake tallatawa ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta sutura, kuma gara a yi ta ƙeƙe-da-ƙeƙe tsakanin maigida da uwargida tun ana Katsina. Wuraren nan maza da mata a haɗe suke, da kayan wanka irin nasu, wani wurin har da kantin giya a gefen ruwa. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya haƙura ya kai yara gidan namun daji ko gidan kifaye, ba abin kunya ba ne. Wanda zai je, ya tabbatar an yarda da kayan wanka masu rufe jiki, wato burkini. A Ingila, Kanada da Amurka galibi ba matsala muddin yadin na wanka ne. Faransa daban take: a Yunin 2022 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta hana birnin Grenoble halatta burkini a kwamayen gwamnati, kuma a yawancin irin waɗannan kwamaye maza ma ba a yarda su sa wando mai faɗi ba. A Jamus kuma a kiyayi sashen ɗakin gumi na manya, don a al'adarsu ba a sa komai a ciki. A karanta allo kafin a tura ƙofa. Masu son rana ta mata zalla sun fi samun ta a ƙasashen Larabawa, kamar Yas Waterworld na Abu Dabi, sai dai shi a fili yake.

Awo da lafiya

A ɗauko tef ɗin tela, a jingina kowane yaro da bango babu takalmi, a rubuta tsayinsa. A wuraren nan ba a tambayar shekaru a bakin zamiya, tsayi ake aunawa, kuma iyakokin da aka fi gani su ne santimita 107 da santimita 122. Ma'aikacin da ke tsaye a wurin ba ya jin "saura kaɗan". A faɗa wa yaro tun a gida waɗanda zai hau da waɗanda sai baɗi, ya yi kukansa a tsakar gida ya gama, maimakon a saman bene bayan an bi dogon layi.

Wannan awon shi zai nuna maku ko tafiyar ta cancanci kuɗinta. In duk yaranku ba su kai 107 ba, kuna biyan kuɗin dogayen bututai ne alhali a ruwan da bai wuce gwiwa ba za ku wuni.

Mai yaro sikila ya ga likitansa kafin tafiya, kada ya tsallake wannan. Ruwan wuraren nan ana ajiye shi a wajen digiri 29, wanda a baki kamar ɗumi ne, amma jikin mutum 37 yake, saboda haka ruwan na zuƙe zafin jiki a hankali. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya duk suna tada ciwon sikila, kuma ukun nan a wuri ɗaya suke haɗuwa a can. In likita ya yarda, to zama gajere, a fito a goge jiki nan take, a sa busassun kaya, a yawaita shan ruwa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jakar da ke bakin ruwa, ba a ɗaki ba, don iskar wurin da ke rufe na ɗauke da tururin sinadari. Mai farfaɗiya ba ya shiga sai da babba manne da shi, a kuma sanar da masu ceto. Mai juna biyu ba ta hawa zamiya, ba ta shiga kwamin ruwan zafi.

Sai gudawa. Yaron da ke zawo ba ya shiga ruwa, ko nawa aka biya. Akwai ƙwayar cuta mai suna kirifto da kan rayu fiye da kwana 7 a ruwan da aka zuba wa kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, daidai ƙa'ida, kuma yaro ɗaya na iya raba ta ga ɗaruruwa. Wanda aka tabbatar yana da ita sai ya yi mako 2 bayan zawon ya tsaya kafin ya koma wanka.

Wani shiri da ake rainawa: yawancin yaranmu da bokiti da moɗa suka san wanka, ruwa mai yawa kuwa sai dai kududdufin damina da ake hana su zuwa, ko dam ɗin Ajiwa da Sabke da suke hangowa daga mota. Ranar farko da ruwa ya zubo masu a ka daga sama sai su firgita. Makonni kafin tafiya a riƙa yi masu wanka da shawa, a koya masu rufe baki, da hura kumfa a roba, da barin ruwa ya bi fuska. In da hali a kai su kwamin wani otal sau ɗaya ko biyu, su ji yadda ƙafa ke rasa nauyi a cikin ruwa.

Abin da ke shiga jaka

Kayan wanka biyu ga kowane yaro, don ɗaya na jiƙe ɗaya na jiki. A zaɓi launi mai kashe ido: ruwan lemo, ɗorawa mai haske, hoda mai ƙarfi. Shuɗi da fari da toka suna ɓacewa a ƙarƙashin ruwa, kuma a cikin yara ɗari launin nan ne zai nuna maku naku. Riga da wandon auduga ba su yi ba, suna shan ruwa su yi nauyi, wurare da yawa ma ba su yarda da su. Uwargida ta nemi burkini mai hular da ke manne da kai, babu fil babu allura. Dogon hijabi da gyale da zani a bar su a ɗakin canji, don suna naɗe ƙafa, suna maƙalewa a zamiya. Maigida ya nemi wandon wanka mai sauka ƙasan gwiwa da rigar wanka, marasa zif da ƙarfe. Irin waɗannan ba lalle a same su a Babbar Kasuwa ba, ya fi sauƙi ɗan'uwan da ke can ya saya ya ajiye, a tura mashi awo.

Mai jariri ya sani cewa famfas na yau da kullum ba ya shiga ruwa, kumbura yake ya fashe. Akwai na wanka daban, shi kuma kashi kawai yake tarewa na ɗan lokaci, ba ya tare fitsari, don haka sai an zo bakin ruwa ake sa shi. A haɗa da silifas mai kama ƙasa, ledoji na jiƙaƙƙun kaya, man kaɗanya ko basilin, farasitamol na yara, ma'aunin zafi, da 'yan ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Kuma buta. Ban ɗakunan can takarda kawai ke ciki, ƙaramar butar roba ko gorar ruwa mai matsewa za ta raba ku da damuwa. 'Yan mata a yi masu kitso ƙanana mai kwanciya kafin tafiya, babu ƙarin gashi mai nauyi, a cire 'yan kunnen zinari da sarƙa a bar su gida.

Guzuri kuwa a yi hankali. Kilishi, dambun nama da duk abin da ya shafi nama, Ingila da Amurka da Tarayyar Turai ba su yarda matafiyi ya shigo da su daga Najeriya ba, man shanu da kayan nono ma Ingila da Tarayyar Turai sun hana. A filin jirgi za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Garin kunu, cincin, yaji da makamantansu sun fi sauƙin wucewa, amma a bayyana su in an tambaya. Naman halal a saya a garin da dangi suke, a dafa a gida, a zubo a kula. Abincin cikin otal ga tsada ga hatsari: jajayen yankan da ke kan fiza galibi naman alade ne, alewa mai danƙo kuma sau da yawa akwai jelatin, wanda akan samo daga fata da ƙashin dabba, har da alade. Kifi, ƙwai, dankali, taliya da fizar cuku zalla su ne mafita in guzuri ya ƙare.

Ranar isa

Ɗaki ba ya samuwa sai wajen ƙarfe 4 na yamma a yawancinsu, amma suna barin a shiga ruwa kafin nan. Saboda haka a haɗa ƙaramar jaka daban mai kayan wanka, manyan akwatuna su zauna a mota. A wurin karɓar baƙi za a ɗaura wa kowa abin hannu na roba. A wasu wuraren shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma katin biya. A ce a kashe biya a na yara, in ba haka ba ranar tafiya za a ga lissafin askirim da ba a san da shi ba. Suna kuma riƙe wani kuɗi a katin banki a matsayin jingina, don haka a tabbatar tun gida katin na aiki a waje, kuma akwai rara a ciki.

Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, a zagaya wurin da kaya a jiki. A ga inda ban ɗaki yake, inda ɗakin agajin gaggawa yake, a karanta lambobin zurfi da ke rubuce a bakin kowane kwami. A kama kujeru kusa da sashen ƙananan yara, a ce nan ne mahaɗa. A nuna wa yara kalar rigar masu ceto, a ce duk wanda ya ɓace wajen mai wannan riga zai je, kuma in an busa usur kowa ya tsaya cak. Turancin can ba irin na makarantarsu ba ne, ba lalle su gane abin da ake faɗa masu ba, amma usur kowa na gane shi. A ɗauki hoton kowane yaro cikin kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar waya a abin hannunsa. Daga nan waya ta shiga loka, wato akwatin ajiya mai makulli.

A cikin ruwa

Nan ne duk maganar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Kuma nutsewa ba ta da ihu. Yaron da ruwa ke shiga bakinsa ba ya iya kira, ba ya iya ɗaga hannu, tsaye yake a cikin ruwa, kai a baya, baki na fitowa yana komawa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya tafi ƙasa. Mutum na iya tsayawa taku biyu daga gare shi ya zaci wasa yake. Ɗan shekara biyu in ya faɗi rub-da-ciki a ruwan da bai wuce idon sawun babba ba, ba lalle ya iya tashi ba.

Mu mutanen taro ne. A gidajenmu yaro na kowa ne, in uwa ta shiga madafa gwaggo na nan, in gwaggo ta tashi yaya na nan. A tsakar gida wannan alheri ne. A bakin ruwa shi ne hatsarin, domin manya biyar na zaune, kowa ya ɗauka wani na kallo, ashe babu mai kallo. Maganinsa a raba yara da suna. Kowane yaro da bai iya iyo ba yana da babba ɗaya da aka ambata, kuma in za a canza hannu a faɗa da baki a amsa da baki:

"Abban yara, zan kai wannan ban ɗaki, na bar maka auta."

"Na karɓa, Hajiya, je ki."

In ba a ji "na karɓa" ba, ba a tafi ba. Wanda ke kan aiki ba ya hira, ba ya hoto, ba ya waya. Ga ɗan ƙasa da shekara 5 kuma kallo daga kujera bai wadatar ba, sai babban ya shiga ruwan, ya tsaya inda in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Saboda haka tun a gida a ƙirga: manyan da za su yarda su jiƙe nawa ne? In Hajiya ta ce ita ba za ta shiga ba, kaka ma haka, to maigida shi kaɗai ne, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe ƙanana uku. Sai a yi karɓa-karɓa, biyu a ciki ɗaya a waje, ko a gayyato ƙanwar da ke can.

Kada a ba yaya 'yar shekara tara ƙaninta ta ce za ta kula. A gida tana goya shi, ta yi mashi wanka, ta ba shi abinci, gaskiya ne. A nan ita ma yarinya ce da ta ga zamiya, kuma ko ta lura ya nutse, ƙarfinta bai kai ta ciro shi ba, sai dai ya ja ta. Masu ceton da ke kan dogayen kujeru ƙwararru ne, amma mutane da yawa kowannensu ke dubawa, ba 'yan raino ba ne.

Duk wanda bai iya iyo ba, yaro ko babba, ya sa rigar hana nutsewa. Babu kunya a ciki, iyaye da yawa daga cikinmu ba su iya ba. A gwada ta haka: a ɗaure duk igiyoyin, a kama kafaɗun rigar a ɗaga. In ta haura ta taɓa kunne ko haɓa ta yi yawa, a canza. Balan-balan ɗin hannu da zoben roba mai kan agwagwa kayan wasa ne, suna sacewa, suna kifewa.

A fara da wuri mafi rashin zurfi, a bar yaro ya zauna ya buga ruwa da hannu har ya saki jiki. Kada a jefa shi don ya saba, tsoron da zai kwasa sai ya kai shi girma. A kula da ƙaton bokitin da ke saman gidan wasa, wanda ke cika ya juye. A wasu rassan Great Wolf Lodge galan 1,000 yake ɗauka, kuma ana kaɗa ƙararrawa kafin ya zubo. Manyan yara na rububin shiga ƙarƙashinsa, ƙarami kuwa kayar da shi yake. Haka kwami mai igiyar ruwa: lafiya lau yake kwance, sai a ji ƙaho, sai taguwa ta taso, manya kan tayoyi su riƙa turo juna. Da jin ƙahon a ja ƙanana baya zuwa inda ruwa bai wuce gwiwarsu ba. A ƙorama mai zagaye yaro kan zame ta ramin taya, don haka hannu na jikinsa. A zamiya babba ɗaya ya raka shi sama, ɗaya ya jira a ƙasa, ƙafa gaba, kuma ba a ɗora yaro a cinya sai inda aka rubuta an yarda. Kwamin ruwan zafi mai kumfa, wanda kan kai digiri 40, ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne.

In aka nemi yaro aka rasa, cikin ruwa ake fara dubawa, a kuma gaya wa mai ceto nan take, kafin a tafi ban ɗaki ko kanti nema. In ya shaƙi ruwa aka ciro shi, a kai shi ɗakin agaji ko da ya ce lafiya lau. Tari da ya ƙi tsayawa, numfashi sama-sama, ko kasala da barcin da ba a saba ba cikin awannin da suka biyo, asibiti kai tsaye. Lambar gaggawa 911 ce a Amurka da Kanada, 999 a Ingila, 112 a Tarayyar Turai.

Wani abu kuma, ran iyaye kan ɓaci in yaro ya ƙi fitowa ko ya yi gudu a kan tayil mai santsi. A riƙe hannu. A Jamus doka ta haramta dukan yaro tun 2000, a Sikotilan tun 2020, kuma ko inda ba a haramta ba, mari a bainar jama'a na iya jawo 'yan sanda. A fitar da shi ya zauna a kujera minti biyar yana kallon 'yan'uwansa na wasa, wannan ya fi bulala ciwo.

Hutu, tsafta da sallah

Kowace awa a fito da kowa: ban ɗaki, duba famfas, shan ruwa. Yaro a cikin ruwa ba ya jin ƙishi, kuma yana gumi. Famfas a ɗakin canji ake sauya shi, ba a kujerar bakin ruwa ba. A watsa ruwa a shawa na minti ɗaya kafin shiga, kada a shafa mai sai an fito. Warin nan mai ƙarfi da jan ido da ake ɗora wa kulorin, haɗuwarsa ce da gumi da fitsari ke kawo su, don haka a ja wa yara kunne kan fitsari a ruwa, da kuma haɗiye shi. Jariri minti 20 zuwa 30 ya ishe shi. Haƙora na kaɗawa, jiki na ɓari, cikin leɓe ya dushe, a fito da yaro a naɗe shi ko yana cewa bai gaji ba.

Awa biyu da safe da zarar an buɗe, lokacin da layi bai yi tsawo ba, sai abinci da barcin rana a ɗaki, sai awa ɗaya ko biyu da yamma. Wannan ya fi a wuni a jiƙe. Kuma ya dace da sallah, don a Ingila cikin Disamba magariba na yi kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar kusan a manne suke, mutum na cikin ruwa sai ya ga duhu. A duba jadawalin garin da alƙibla a waya tun ana ɗaki. Da wuya a samu masallaci a ciki, a taho da darduma.

Bayan wankan ƙarshe na yini a yi wanka da sabulu, a wanke kitso da ruwa mai kyau, a shafe jiki da man kaɗanya, don kulorin da iskar hita na busar da fata fiye da hunturun Katsina. A goge tsakanin yatsun ƙafa saboda cin ruwa. Kunne a karkata kai ruwan ya fito, a goge da tawul, babu tsinken auduga balle gashin kaza. In za a ratsa waje zuwa ɗaki, kamar a Center Parcs da gidajen kwana ke warwatse cikin daji, sai gashi ya bushe, an sa hula da rigar sanyi.

Da dare otal kan koma kasuwa: injinan wasa masu cin kuɗi, kantin alewa, 'yan tsana. An tsara hanyar ne yadda dole a bi ta gabansu. A yanka wa kowane yaro abin da zai kashe tun kafin a sauko, a faɗa mashi, in ya ƙare ya ƙare.

Ranar fita

Ana sallamar ɗaki wajen ƙarfe 10 ko 11 na safe, amma galibi ana barin baƙo ya ci gaba da wanka bayan nan. A kwashe kaya a kai mota tun da wuri, a duba lissafi layi-layi kafin a miƙa makulli, a bar jaka ɗaya mai busassun kaya da ledoji. Wankan ranar ya zama gajere, musamman ga wanda zai tuƙa mota, don ruwan ɗumi na saukar da barci. Kada a sa jirgin dawowa Kano a wannan rana.

A ci gaba da lura da yara har kwana 10. Zawo mai ruwa-ruwa, ciwon kunne da ke ƙaruwa in an ja kunnen, ko ƙuraje inda kayan wanka suka matse, duk suna iya fitowa bayan an iso gida. In an je asibiti a Katsina ko Daura, a gaya wa likita cewa yaron ya yi wanka a kwamin jama'a da ranar da ya yi, don ya san gwajin da zai sa a yi, ba a tsaya kan maleriya da taifod kaɗai ba.